Nata'ala Bai Yarda da Jar Waya Ba

Karatu ya kawo Nata'ala Alƙahira, amma aikin wayarin ya riƙe shi a bakin kogin Nilu. Mutum ne da bai yarda da kowa ba. Ko jar waya ya gani sai ya gwada ta da mita, wai masu kamfani ma ƙarya suke yi.

Ranar da ya haɗa na'urar nuna hanya da kamfas mai nuna arewa a jirgin ruwan Ammu Sabri, ya duba allon don ya gane alƙibla kafin sallar La'asar. Allon ya nuna wani gefe, masallacin bakin ruwa kuwa yana kallon wani gefen.

"Jabu aka sayar maka," ya ce wa Ammu Sabri. Ya zargi mai shagon da ya sayar da na'urar, ya zargi matuƙin jirgin da taɓa masa wayoyi. Ya warware komai ya sake haɗawa, yana huci.

Ammu Sabri ya matso. Ya ɗauke 'yar rediyon Nata'ala ta jin ƙira'a daga gefen kamfas, don lasifikarta na da maganaɗisu. Nan take kibiyar da ke kan allon ta koma daidai.

Nata'ala ya dubi rediyonsa, ya bi mutanen jirgin da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"To, wa ya ajiye ta nan?"