Keken Malam Suma'ila da 'Yar da Ba a Ƙirga Ba

Duk wanda ke bi ta Zango bayan sallar asuba ya san Malam Suma'ila. Yakan shimfiɗa tsohon buhu a inuwar bishiyar bedin ƙofar gidansa, ya jera sufanu daga babba zuwa ƙarami, ya tsiyaya kananzir a gwangwanin tumatir, sannan ya fito da kekensa a kafaɗa don kada taya ta sha ƙasa da sassafe. Shekara talatin ya yi yana raba wasiƙu a gidan waya na Damagaram. Yanzu ido ya yi rauni, ya ce a watan nan zai naɗe buhun. Shi ya sa zan faɗi abin da shi ba zai taɓa buɗe baki ya faɗa ba.

Keken ba na manya ba ne. Irin na tsalle-tsallen nan ne mai gajerun ƙafafu masu kauri, wanda ake ce wa kuros. A wurin masu tsofaffin ƙarafa ya tsince shi, tsatsa ta cinye shi, an ce ɗan wani Bature ya bari tun da daɗewa. Shekara shida yana fama da shi. Ya kankare, ya fesa masa shuɗin fenti, ya sake wayoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya, dukawa suka ɗinka wa sirdin jar fata, wani maƙeri ya yi masa turaku biyu na ƙarfe a ƙafar baya, don ado kawai. Matarsa Kulu autan gida take ce wa keken. Unguwa kuwa ta gama yanke hukunci: mutumin kirki ne, amma akwai ɗan abin da ya kwance.

Sai shekarar da fara ta cinye gonaki, damina ta ɗauke ba a shirya ba. Wata ƙungiya ta buɗe wurin ciyar da yara a likita, wato asibitin wani ƙauye ta wajen Guna. Ma'aikatanta suka bi gida-gida suna ce wa kowace uwa ta faɗi sunayen 'ya'yanta, suna rubutawa a karne, wato katin karɓar garin kunu. Madam Rakiya, mai kula da likitar, ta rasa wanda zai kai karnen ƙauyuka, don motar ƙungiyar ɗaya ce kuma rairayi ya fi ƙarfinta. Ta tuna da tsohon mai raba wasiƙu. Bai jira ta gama roƙo ba.

Nan keken da ake yi wa dariya ya nuna amfaninsa. Inda hanya ta yi tauri ya hau, inda rairayi ya yi zurfi ya saɓa shi. Kuma ko yaya yunwa ta yi wa yaro, in ya ji ƙararrawa ya hango shuɗin keke, sai ya fito. Malam Suma'ila ya mai da wannan hanyar aikinsa: ya kaɗa ƙararrawa a tsakiyar gari, ya duba waɗanda suka fito, ya duba karne, wanda bai fito ba ya bi shi har ɗaki.

Wata Laraba da hantsi ya tsaya a ƙofar wata mata, Sa'adatu. Karnenta ya ce yara biyu, ga su kuwa a gabansa suna shafa sirdi. Har ya juya zai tafi, sai ya ga ido a ramin zana, can ƙasa daf da turɓaya, yana kallon keken. Ya leƙa ta saman zanar. Yarinya ce kwance, kamar 'yar shekara shida, ta jawo jiki daga ɗaki ta kasa tashi. Gashinta ya yi ja, ƙafafunta sun kumbura, hannunta bai fi kaurin famfon kekensa ba.

"'Yata, wannan ta wace ce?"

Sa'adatu ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. Wata maƙwabciya ce ta ba shi amsa: 'yar Sa'adatu ce ta fari. A hannun kakarta take, kakar ta rasu wata biyu da suka wuce, uban ya tafi ci-rani Kano. Da masu rubutu suka ce a faɗi sunaye, kunyar 'yar fari ta hana Sa'adatu, ta faɗi biyu ta yi shiru. Tun daga ranar take raba kunun mutum biyu gida uku, kuma babbar ita ke haƙura.

Abin da ya girgiza shi shi ne babu mugu a cikin maganar. Uwar ta yi abin da aka tarbiyyantar da ita a kai, masu rubutu sun rubuta abin da suka ji, yarinya kuma tana mutuwa a tsakaninsu. Babu jaki a garin, duk an sayar. Ya karɓi zanen Sa'adatu, ya sa maƙwabciyar ta ɗaura masa yarinyar a baya. Uwar ta taka turakun nan na ado, ta riƙe gefen rigarsa. Kilomita tara zuwa likitar, suna hawa suna sauka, yana jin numfashin yarinyar a wuyansa, in ya daina ji sai ya tsaya. Mutanen da suka ga dattijo mai furfura da goyo a kan keken yara ba su yi dariya ba, sun dai riƙe baki.

Madam Rakiya ta ba ni sauran labarin. Ta ce da ta kwance goyon, yarinyar ba ta motsi, ga ruwan magani a cokali amma haƙora a datse. Ta ce a kira sunanta ko za ta farka, sai aka rasa wanda ya sani in ba uwar ba. Malam Suma'ila ya durƙusa a gaban Sa'adatu, duk da a shekaru ya haife ta.

"Babu surukai a nan, 'yata. Ni zan juya baya. Ki kira ta."

Ya juya. Can, da murya kamar ta mai laifi, Sa'adatu ta ce, "Ramlatu." Yarinyar ta buɗe ido tana neman kakarta, don ba ta taɓa jin sunanta a wannan muryar ba. A haka aka samu cokalin ya shiga.

Washegari ya sake bin ƙauyukan goma sha ɗaya daga farko. Bai ƙara tambayar uwaye ba, sai maƙwabta da tsofaffi: ina na fari a gidan nan? Ya samo yara goma sha huɗu da ba su cikin karne. Uku ya tarar an riga an binne su. Kulu ta ce kwana biyu ya yi tuwo bai wuce masa ba.

Malam Suma'ila, kai ne ka ga ido a ramin zana ka ƙi wucewa. Kai ne ka yi goyo a tsakiyar rana ba ka damu da me za a ce ba. Ba a ba ka takarda ba, ba a kira ka a rediyo ba, mu kuwa da muka yi ta yi maka dariya mun ji kunya. Mun gode, Allah ya saka maka, ya ƙara wa idonka haske. Ku kuma da ake aika ku gidajen mutane da alƙalami, ku yi koyi da shi: in an ba ku amsa, ku leƙa ta saman zana.

Ramlatu ta rayu. Yanzu tana aure a Gaffati, tana da 'ya'ya uku, kuma kamar uwarta ba ta kiran sunan ta farin. Amma duk ranar da masu rubutu suka zo, ita take fara kamowa a hannu ta tura gabansu.