Tangaran a Bangon Ɗakin Shan Magani

Shekarar da aka sauke tutar Turawa maigidana ya faɗo daga kan soro a Kibiya, hannunsa na dama ya ƙi komawa daidai. Magini ne, ɗan magini. Kafin damina ta fita har an fara cewa tasa ta ƙare, masu kiransa aiki suka koma kiran wasu. Sai ga aiki a sabon ɗakin shan magani na Rano: a manna fararen tangaran a bangon wurin wanke ciwo, abin da yaran yanzu ke kira tayil. Aka ce masa in ya kasa, za a ɗauko magina daga Kano. Ni da shi mun san ma'anar wannan. Ba mai sake ba shi ko ginin akurki.

Ranar farko ya dawo bai taɓa tuwo ba. Ashe siminti ya kwaɓa ruwa-ruwa kamar ƙasar yaɓe, ya jera tangaran tun daga ƙasa har kafaɗa a tashi ɗaya, suka dinga zamewa suna hawan juna. Daɓen kuma an karkata shi don ruwa ya bi rariya, layin ya bi daɓe ya karkace.

Na ce, "Malam, gobe da ni za a tafi."

"Ke? Mace a wurin gini? So kike a yi da ni a kasuwa?"

"Ai yanzu ma yi ake. Gara su sami dalili."

Lokacin ban san ko baƙi ɗaya na boko ba, sai da na yi jikoki na shiga ajin yaƙi da jahilci. Amma na san ruwa ba ya karkata don kunyar kowa. Na tafi da tasata mai shuɗin zobe. Muka ɓamɓare aikin jiya, muka sami miƙaƙƙen katako muka kara a bango, sama da daɓe kaɗan. Na ɗora tasar a kai da ruwa, ina riƙe da ita.

"Ɗaga can. Ya yi yawa, Malam! Sauke. Tsaya nan."

Da ruwan ya zauna daidai da zoben ko'ina, Malam ya buga ƙusoshi da hagu, yana ƙunƙuni. A kan katakon za a ɗora layin farko. Shi ya ce a jiƙa tangaran tukuna, kamar sabuwar tukunya, kada su shanye ruwan simintin. Shi ya gyara kwaɓin ya yi tauri. Kuma shi ya tuna abin da ubansa ya koya masa a ginin ƙasa: ka ɗora layi, ka bari ya sha iska, sannan ka ɗora wani. Ni nawa tsinken tsintsiya ne. Na kakkarya, ina soka su tsakanin tangaran da ɗan'uwansa don kada na sama ya sauko. Shi yana shafa siminti, ni ina dannawa, don hannuna ba ya rawa.

Masu ɗebo ruwa suka taru a taga. Wani ya ce, "Uwargida, yaushe za a naɗa ki sarkin magina?"

Na ce, "Ranar da ka daina zubar da rabin garwa a hanya."

Sai da na sama suka kama sosai muka cire katakon, Malam ya yanka tangaran na layin ƙasa ya bi karkatar daɓen. Mai duba aiki ya zo ya ɗora ma'auninsa nan da can, ya shafa bango da tafin hannu, ya tambayi Malam ko zai iya irinsa a wani ɗaki. Malam ya dube ni, ya ce, "Za mu iya."

A gaban maza ya faɗa. Ba a ɗauko kowa daga Kano ba. Da rani ya shigo, har daga Rurum aka aiko kiransa, ɗan aiken kuwa ya ce a taho da tasar.