Kwalaben Mama Saratu

Ina shanya wanki a bayan ɗaki ranar Talata da hantsi, sai matar mai gidan da muke haya ta leƙo ta kan danga ta ce, "Amarya, ki yi haƙuri. Mama Saratu ta rasu." Zazzaɓi ne ya kwantar da ita, bai ko yi mako ba. Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu har ruwansa ya gama ɗiga a kan ƙafata. A littattafan da nake karantawa, idan irin wannan labari ya zo, sama takan yi duhu. Ranar nan rana ce ta fito fes, jirgin Jos kuma ya yi kukansa a tasha kamar kullum.

Mama Saratu ba uwata ba ce, ba kuma uwar mijina ba. Maƙwabciyata ce, gwauruwa, mutuniyar Zangon Kataf. An kawo ni Kafanchan daga Kagoro a shekarar da aka daina fam aka koma naira. Maigidana Yakubu ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kwanansa a hanya ya fi kwanansa a gida. Ban san kowa ba. Sai in gama shara in rufe ƙofa, in buɗe littafin labari, in wuni a garuruwan da ban taɓa gani ba. Ita ce ta fara ƙwanƙwasa mini. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, ta ce, "Amarya, kawo wannan takarda naki, zo ki juya mini tukunya."

Lambunta yana bayan gidanta, gefen rafi. Tumatir, attarugu, gauta da albasa. A ƙasarmu damina ba ta barin busasshen tumatir ya yi kyau, kafin ya bushe ya yi hunhuna. Saboda haka ita a kwalba take ajiye nata, aikin da ta koya tana budurwa a ɗakin girkin mishan. Sai ta niƙa tumatir a dutse, ta dafa shi har ruwan ya tsotse, ta sa gishiri da ruwan lemun tsami. Ta dafa kwalaben su ma, ta ɗura da zafinsa, ta zuba man gyaɗa a sama, ta rufe. Daga nan ta jera su a babbar tukunya, da tsumma a tsakaninsu don kada su fasa juna, ta sake tafasawa. Gauta da attarugu kuwa cikin ruwan gishiri da tsami take tsoma su. Idan rani ya yi nisa, tumatir ya ɓace a kasuwa, miyar jikokinta ja take.

Ba ta da gaggawa, ba ta kuma yarda a yi mata ita. Kowace kwalba sai ta ɗaga ta ga haske, ta ƙwanƙwasa murfin da farce ta saurara. Wadda murfinta ya kumbura, a rami take juye ta, ko da ita ce ta ƙarshe. Takan ce, "Gara yaro ya yi kukan miya da ya yi kukan ciki." Ta kuma saba cewa hannu mai datti ya fi ɓera ɓarna. Duk matar da ta aiko neman kwalba ɗaya don mai jego ko marar lafiya, za ta samu, da sharaɗi guda: "Ku cinye abin ciki, ku dawo mini da gidansa."

Ba ta iya karatu ba, amma ita ce ta fi kowa sauraron littattafaina. Ina juya tukunya da hannu ɗaya, ina karanta mata da ɗayan. Sai ta katse ni ta ce, "Tsaya. Tun jiya mutanen nan suna kallon juna. Ba su cin abinci ne?" In ce, "Mama, soyayya ce." Ta ce, "To, ki gaya wa yarinyan ta sa tukunya a wuta, ya fi saurin kawo shi." Amma kashegari ita ce za ta fara tambaya, "Yaya, ya dawo ko bai dawo ba?" Sai daga baya na gane ba mutumin littafin kaɗai take tambaya ba. Ba ta taɓa ce mini in daina mafarkina ba, ta dai ba hannuna abin yi a lokacin da nake yin sa.

A wurin makoki ban san inda zan zauna ba. Tabarmar ciki ta dangi ce, bencin waje na matan zumuntar coci ne, suna rera waƙoƙin ta'aziyya da yarensu. Na yi ta ɗebo ruwa ina wanke kwanuka. Da na zagaya zubar da ruwan wanke-wanke, na hango lambun. Tumatir ɗin da muka dasa tare ya nuna, wani har ya fara faɗuwa.

Na sami 'yarta Rifkatu na yi mata magana a hankali. Ta ce, "Ƙanwata, kin san mu ba mu zuwa gona sai an tashi makoki. Wa zai gan ni da kwando alhali kabarin uwata bai bushe ba?" Ta dubi 'ya'yanta, ta ce, "Bana sai dai su sha miyar kuka." Tun da mijinta ya bar su, a hannun Mama suke ci.

A makon nan Yakubu ya dawo da labarin da na daɗe ina roƙon Allah a kansa. An mayar da shi Kaduna, an kuma ba shi ɗaki a kwatas ɗin masu iyali. Ya ce, "Ki ɗaure kaya, Asabar za mu bi jirgi. In ba su ga mata a ɗakin ba, wani za su ba." Na gaya masa zancen lambun, na ce ina so in tsaya in ɗure wa jikokin tumatir ɗin. Ya ce, "Hannatu, ba fa uwarki ba ce." Na ce, "Shi ya sa, maigida. Ni kaɗai ce ba a hana ni shiga lambun ba." Ya ce, "In ɗakin ya tafi fa?" Na ci gaba da ninke masa kayansa. Shi kuma ya fita wanke ƙafa.

Ubangiji ya yi wa Mama Saratu jinƙai, ya gafarta mata kurakuranta, ya karɓe ta cikin hutunsa. Ya ta'azantar da Yaya Rifkatu, ya raya jikokin, ya kuma tuna da dukan waɗanda suka ci daga hannunta ba su taɓa sanin wahalar ba. Amin.

Jirgin Asabar ya tafi da Yakubu shi kaɗai. Ni ina nan Kafanchan sai na ɗure tumatir ɗin lambun nan duka.