Ɗan Kunne Ɗaya

"Kafin ki kai ƙarshen littafin nan, Auta, za ki sa su a kunnenki, duka biyun." Haka kika ce, Yaya. Kina zaune a kan kujerar nan mai gajeriyar ƙafa, tabarau ya zamo miki zuwa kan hanci, ba ki ko ɗago kai ba. Na ce ki rantse, kika ce ke ba yarinya ba ce. To, littafin yana nan, saura babi biyu. Ɗan kunne ɗaya ne a hannuna.

Ranar Talata, tara ga watan jiya, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran yayata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, ta bar 'ya'ya uku da jikoki, ta bar ni, ƙanwarta da take kira Auta duk da furfurar da ta cika min kai. Masu zuwa gaisuwa sun yi ta ba da labarin hannunta a asibiti, yadda allurarta ba ta da zafi, yadda take zama da mara lafiya bayan lokacin tashinta ya wuce. Duk gaskiya ne, kuma akwai waɗanda suka fi ni iya faɗa. Ni labarin ɗakin bayan kicin zan bayar, don ba wanda ya ambace shi, sai ka ce abin kunya ne.

Kin tuna yadda abin ya fara? Kin kai zobenki gyara wurin wani tsohon maƙerin fari, mai ƙirar azurfa, a layin bayan kasuwa, wanda kowa ke ce wa Baba Maƙeri. Aikin da bai kamata ya ɗauki lokaci ba, kika zauna har rana ta karkata kina kallon hannunsa. Da kika dawo kika ce min za ki koyi ƙira. Na yi dariya har na ƙware. Na ce, "Sa'o'inki suna neman kujerar jan carbi, ke kina neman guduma." Kika ce carbin ma wani ne ya huda shi ya zura masa zare.

Mutane sun yi magana. An ce mace da maƙera, an ce tsufa ne ya zo da gardama, an ce ko kuɗin fansho ne bai isa ba. Babban ɗanki, wanda tun da ya samu ofis mai sanyi muke ce masa Yallaɓai, ya zo da kansa ya roƙe ki ki rufa masa asiri, wai abokansa sun gan ki a tsugune gaban gawayi. Kika dube shi kika ce, "Da na tsuguna na haife ka, abokanka ba su gani ba, shi ya sa." Bai sake tayar da zancen ba sai yanzu da ba kya nan.

Ba sana'a kika ɗauke ta ba, kuma ba ki taɓa sayar da ko zobe ɗaya ba. Kin share ɗakin ajiya na bayan kicin, kika sa tebur a gindin taga, kika kafa ƙaramar uwar maƙera, ƙarfen da ake ƙira a kansa, a kan kututture. Magagari na goge ƙarfe manya da ƙanana, hantsaki, awartaki, 'yar tukunyar narke azurfa da ba ta fi kofin shayi ba, da 'yar wutar gas mai siririn harshe shuɗi. Shekarar farko ba abin da kika ƙera sai ƙuna a yatsu da zobba masu kama da an taka su da mota. Kin ba ni ɗaya, na ce zan sa wa makullin ɗakina.

Ni aikina karatu. Tun da na ajiye alli ba ni da aji sai ke. Kowace yamma nakan zo da littafi in zauna a kan buhun gawayi, ke kina goge ƙarfe, ni ina karantawa. Ba ki taɓa ganin girman marubuta ba. Idan jarumin labari ya tsaya dogon tunani sai ki ce, "Wannan yunwa ce ke damunsa, a ba shi abinci." Idan an kwatanta mutuwa da kalmomi masu daɗi sai ki ce marubucin bai taɓa shiga ɗakin marasa lafiya ba.

Abin da na fi so shi ne lokacin gasa azurfa. Azurfa idan ta sha duka takan yi taurin kai, sai an sa mata wuta ta huce kafin ta sake yarda da guduma. Amma ba a ganin launin da ake nema a cikin haske, don haka sai ki ce in ja labule. Ɗakin ya yi duhu da rana tsaka, hayaniyar titi ta koma nesa kamar a wani gari ake yinta. Ba abin da ake ji sai hucin wutar. Sai ƙarfen ya fara ja a hankali, irin jan da mutum ke gani idan ya rufe ido ya fuskanci rana. A wannan ɗan lokacin fuskarki takan koma ta yarinyar da ke goya ni zuwa makaranta. Sai ki ɗauke da hantsaki ki tsoma a ruwa, ya yi tsuwwa, tururi ya tashi, mu dawo duniya. In buɗe labule in ga garin azurfa ya bi zaninki yana ƙyalli. Har yau idan na rufe ido da rana wannan jan nake gani, kuma nakan ji kamar in miƙa hannu in ja labule.

Da hannunki ya faɗa, matan unguwa suka gano ki. Mai ɗan kunnen da ya karye, mai sarƙar da ta tsinke, duk nan. Ba zan manta da tsohuwar nan maƙwabciyarki ba, wadda ciwon gaɓoɓi ya kumbura mata yatsu har zoben da mijinta marigayi ya ba ta ya nutse a nama. 'Ya'yanta sun yi ta fama ta bari a yanke, ta ce sai dai a yanke yatsan. Ke kika zaunar da ita, kika sa ta ba ki labarin ranar da ya kawo mata zoben, tana cikin labari kika yanke ba ta sani ba. Kafin ta gama zaginki kin yi masa baki mai buɗewa da rufewa, ta mayar da abinta. Da ta rasu, da shi aka yi mata wanka. Irin aikinki ke nan: jinyar ce dai ba ki bari ba, kayan aiki kika sake.

Sai maganar munduwar Umma. Ita kaɗai ce abin da mahaifiyarmu ta bar mana mu biyu, munduwar azurfa mai nauyi, ta yi wa hannuna yawa, ta yi wa naki kaɗan. Shekara da shekaru tana akwati, ba mai sawa. Ke kika ce a narkar da ita a yi abin da za a riƙa gani a jiki. Na ƙi, na yi fushi, na yi kuka, daga baya na yarda. Kika raba biyu: rabi kika yi wa 'ya'yanki mata zobba, rabi kika ce nawa ne, 'yan kunne masu siffar ganye. A ranar kika yi alkawarin nan.

Ana saura mako uku ki rasu kika ɗora min guda ɗaya a tafin hannu. An gama shi tsaf, har jijiyoyin ganyen kin zana. Na ce ina ɗan'uwansa? Kika ce yana hanya. Na lura kin rame, kika ce azumin nafila ne. Na lura guduma tana yi miki nauyi, kika ce hutu kike ba ta. Ke da kika shekara talatin kina kallon fuskar mutum ki san abin da ke cin cikinsa, kin san naki sarai. Kin je asibiti ke kaɗai, kin karɓi sakamako ke kaɗai, kin dawo kin ce in ci gaba da karatu daga inda muka tsaya. Kika bar ni ina yi miki muryar sarki da ta bafade kamar wata sakarya. An ce kada a yi fushi da mamaci. Na ji. Amma ban taɓa ɓoye miki fushi kina da rai ba, ba zan fara yanzu ba.

Ranar da Baba Maƙeri ya zo gaisuwa, jikarsa na riƙe da hannunsa, na fito da ɗan kunnen na nuna masa. Ya juya shi, ya kai kusa da ido. Sannan ya ce, "Shi kaɗai ta gama?" Na ce shi kaɗai. Ya girgiza kai. Ya ce abu na farko da ya koya miki shi ne ba a gama ɗan kunne ɗaya a dawo kan ɗaya. Tare ake yanka su, tare ake gasa su, a buga wannan a buga wancan, don hannun mutum na yau ba ya maimaita na jiya daidai. Wanda ya gama ɗaya shi kaɗai, ɗayan ba zai taɓa zama irinsa ba. Ya ce, "Ta fi kowa kiyaye wannan. Ba mantuwa ta yi ba, Hajiya."

Sai ya faɗa min sauran. Wai watanni da suka wuce kin je kin same shi, kin ce akwai ɗalibar da za ki turo masa, bakinta ya fi magagari kaifi, hannunta bai taɓa riƙe abin da ya fi alli nauyi ba, ya yi haƙuri da ita. Ya tambaye ki yaushe za ta zo. Kika ce, "Sai ta ga ba yadda za ta yi."

Yaya, ke ko kunya ba ki ji ba? Sau nawa kika miƙo min hantsaki na ce ni ba a haife ni don ƙuna ba? Sau nawa na ce miki ni 'yar kallo ce, a bar ni da littafina? Kin san ba zan iya sa ɗan kunne ɗaya ba, kin san ba zan iya jefa shi a akwati ba, kin san ba zan bari hannun wani ya taɓa azurfar Umma ba. Kika ɗaure ni ta ko'ina, kika yi tafiyarki. Ko a littattafan da kike rainawa ban taɓa ganin makirci mai tsafta irin wannan ba.

Allah ya jiƙan ki, Yaya. Allah ya yafe miki kurakuranki, har da wannan. Ya haskaka kabarinki, ya sanyaya miki makwanci kamar yadda kika sanyaya wa dubban mutane ciwo, ya haɗa ki da Umma da Baba a gidan Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki da jikokinki, da abokan aikinki na asibiti, da matan unguwa da har yanzu suke zuwa da karyayyun sarƙoƙi a ƙulle a bakin mayafi, su tsaya a ƙofar kicin su tuna, su juya. Ina yi wa Baba Maƙeri ta'aziyyar ɗalibarsa. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Saura kai, Yallaɓai, ɗana. Da kai nake, kuma na san za a kai maka wannan. Kwana biyu da rasuwar ka sa wa ɗakin bayan kicin kwaɗo. Da na tambaye ka makulli ka ce, "Inna, tarkace ne kawai a ciki, na riga na yi magana da masu sayen tsohon ƙarfe." Ban amsa maka ba a lokacin saboda gida cike yake da baƙi. Yanzu baƙi sun watse. A kan teburin nan, cikin wani ɗan kwanon sha mai tsaga, akwai guntun ƙarfe baƙi ƙirin, wanda duk mai gani zai ɗauka murfin gwangwani ne da wuta ta ci. Azurfa haka take yi idan an gasa ta ba a wanke ba. Wannan guntun, ragowar munduwar Umma, ya kwana a hannun kakarka shekara arba'in, da shi ta yi wa uwarka wanka. Idan ya hau sikelin mai sayen ƙarfe, ba ni ba kai.

Na san ba mugunta ba ce. Na ga yadda kake kauda kai idan ka zo wucewa ta ƙofar, na kuma san ƙamshin gawayin da ke fitowa ta ƙarƙashinta. Ni ma yana kama ni. Amma ba a maganin wannan da kwaɗo.

Na ba ka zuwa ranar Asabar da azahar ka kawo min makullin da hannunka. Idan azahar ta yi ban gan ka ba, zan zo da kafinta ya cire ƙofar da ƙyaurenta, in jingine maka ita a falo. Baba Maƙeri ya ce zai zo ya zauna a kan buhun gawayi. Zan ja labule, in kunna wutar, in ƙone yatsuna yadda uwarka ta ƙone nata. Ganyen da zan yi zai fito a karkace, ba zai yi kama da nata ba, an riga an faɗa min. Haka zan sa su, nata a dama, nawa a hagu, in fita da su ko'ina. Duk wanda ya ce ba su dace ba, zan ce masa na sani.

Babi biyun da suka rage kuma, kai za ka karanta min su ina aiki. Ka zo da tabaraunka.