Iya Yakaka, Mai Gawayin da Ke Shanye Guba

Da hantsi ake ganinta. Takan fito da tsohon daro a ka da ludayi a hannu, ta bi gidajen Kukar Lamba, wani ƙaramin ƙauye da ke cikin fadama bayan Guri. A kowane gida akwai tukwane uku da aka ɗora wata kan wata a gindin randa: ta sama tsakuwa, ta tsakiya yashi, ta ƙasa dakakken gawayi, ruwa na ɗiga daga wannan zuwa waccan. Iya Yakaka takan durƙusa ta ɗebi gawayin ta murza, ta shinshina. Idan ya gaji, sai ta kwashe shi cikin daronta ta zuba sabo. Ba ta zama shan fura, ba ta bari kowa ya taɓa daron.

Asalinta maginiyar tukwane ce, kamar uwarta da ta taso da sana'ar daga gefen Tafkin Cadi. Abin da ya sauya mata aiki wata ambaliya ce, shekarun baya. Ruwa ya cinye rijiyoyi, ya lalata burtsatsen gari, ya kuma share wata rumfa can sama da manoman shinkafa ke ajiye jarkokin maganin feshi. Ba wanda ya san da zancen rumfar a lokacin. Da ruwa ya janye, jama'a suka koma ɗiba a tafkin bayan gari.

Yakaka ce ta fara lura, ranar da ta je haƙar yumɓu. Ta tarar da ruwan ya kwanta garau, har ana hango ƙasansa, abin da ba a taɓa gani ba. Ba kukan kwaɗo, ba sauro, ba ko ƙwaro ɗaya a kan ruwa. A bakin ciyawar kacala kifayen karfasa sun taso sun juya fararen cikkunansu sama, kuma ba shahon da ya sauko ya ɗauka. Ƙarƙashin wata bishiyar giyayya balbelu ne a zube, kamar wanki da iska ta kwaso daga igiya. Ta ce ta ji ƙarar numfashinta da kanta, har ta waiga ta ga ko wani ne a bayanta.

Sai abin ya shigo gida. Mutum ya kama amai da zufa, miyau na dalala, jiki na karkarwa, ƙwayar ido ta tsuke kamar tsinin allura. Gari ya ɗauka mutanen ruwa aka taɓa. Aka yi sadaka, aka yi turare, masunta suka jingine kwalekwalensu. Ƙanwar Yakaka, 'Yar'azumi, wadda ta fi kowa zirga-zirgar tafki domin tana sayar da koko, ta kwanta da safe, kafin la'asar an yi mata sutura. Yakaka ce ta riƙe kanta har ta cika.

A zaman makoki ne Ramatu, ma'aikaciyar lafiya da aka turo daga Haɗeja, ta ja ta gefe.

"Iya, wannan ba iska ba ce, guba ce. Tana cikin ruwan."

"To ai muna tafasawa, 'yar nan. Muna sa alif."

"Tafasa ba ta kashe ta, alif kuma laka kawai yake kwantarwa. Abin da aka koya mana shi ne gawayi. Idan ya ƙonu sosai, cikinsa ramuka ne ƙanana da ido ba ya gani, gubar takan shiga ta maƙale. Amma ni a takarda na sani. Ban iya wuta ba."

Yakaka ta share hawaye da gefen mayafi. "Wuta kam na iya."

Ta gwada kacala, gawayinta ya zama gari ya bi ruwa. Ta gwada buntun shinkafa, ya toshe tukunya. Daga baya ta tara ƙwallon goruba, ta rufe shi a ramin da take gasa tukwane, ta ba shi wuta har ya yi ja, sannan ta yayyafa masa ruwa, tururi ya tashi da wani irin huci kamar na maciji. Ta daka, ta tankaɗe, ta wanke. Ita da Ramatu suka samo ƙananan kifaye daga kogi, suka raba su a kwanoni biyu a ƙofar gidan Bulama, mai garin. Na cikin ruwan tafki suka yi ta juyi suna buga kai, can suka kife. Na cikin ruwan da ya ratsa gawayi suka ci gaba da iyo.

Duk da haka ba wanda ya miƙa hannu ya sha. Waɗanda suka halarta sun ce Bulama Inuwa ya dubi kwanon ya dubi mutane, ya ce, "Yakaka, kifi daban, ɗan Adam daban." Sai ta cika moɗa da ruwan da ya ratsa gawayin, ta yi bisimilla ta shanye, ta shimfiɗa tabarma ta zauna a tsakiyar fili. Jama'a suka kewaye ta shiru suna kallon ƙwayar idonta. Ramatu na riƙe da hannunta tana jin bugun jini. Inuwar bango ta tashi daga wannan gefe ta koma wancan. Da aka kira azahar, Yakaka ta miƙe ta ce a ba ta buta.

Ke ce kika zauna a wannan tabarma, Iya, alhali ƙasar kabarin ƙanwarki ba ta bushe ba. Ke ce ba ki taɓa cewa kin san tabbas za ki tashi ba. Da aka tambaye ki, cewa kika yi dole wani ya fara. Gatan masu ƙishi, baƙin hannu mai farin ruwa!

Ramatu ba ta ɓoye wa kowa ba: gawayi rage guba yake yi, ba ya maye gurbin ruwan burtsatse, kuma idan ramukansa suka cika, shi kansa ya zama abin tsoro. A nan aikin da ba wanda ke so ya faɗo kan Yakaka. Ta zaɓi wani tudu mai taurin laka, nesa da rijiya da hanyar ruwa, nan take binne gajiyayyen gawayi. Yau tudun ya cika da ƙananan tsibi a jere, kowanne an danne shi da fasasshen kasko. Baƙo yakan yi sallama idan ya zo wucewa, a zatonsa maƙabarta ce. Makiyaya sukan kewaye. An yi shekarun da wasu mata ba sa amsa gaisuwarta in ta dawo daga can, suna raɗa cewa da wani abu take magana a tudun. Ta ji. Washegari ta shiga gidajensu ta sauya musu gawayi.

An gyara burtsatse, amma fadama fadama ce. Duk shekarar da kogi ya cika, yakan wanko abin da aka fesa a gonaki ya kawo bakin ƙofa, mata kuma su sake jera tukwane. Daga Kaugama har Kafin Hausa an zo an kalli yadda take yi. Zainaba, maƙwabciyarta, ta shaida cewa a ambaliyar bara ta ga tsohuwar nan cikin ruwa har ƙugu, ta ɗora buhun gawayi a ka don kada ya jiƙe, tana nufin gidan wata mai jego.

Bana jiki ya ƙi. Hannuwanta sun soma rawa, hayaƙi ya cinye mata ido ɗaya, 'ya'yanta sun hana ta zuwa bakin rami. Da Bulama ya tara mutane don a yi mata godiya, aka tambaye ta abin da take so. Ta ce, "Ku turo mini mata su koya, tun ɗayan idon yana rarrabe launin wuta."

Mun gode, Iya Yakaka. Allah Ya ba ki lafiya, Ya shayar da ke daga tafkin Alkausara, Ya jiƙan 'Yar'azumi. Mu kuma da muka rage, manomi ya daina wanke tankin feshi a ruwan da ake sha, masunci ya daina zuba magani don kifi ya taso. Matan fadama, tana nan a zauren gidanta kullum bayan la'asar, buhun goruba a gefenta. Zuwa yanzu mata biyu ne suka je. Ku je ku zama na uku.