Keken Dogo da Zuciyar Abu Rahama

Makka zuwa Jidda

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Ka'akiyya, ni da maigidana Abu Rahama. Bai daɗe da tashi daga aikin zuciya ba, amma 'yarmu Rahama da ke karatu a Koriya ta matsa sai mun zo. Likita ya yarda, da sharaɗin kada ya wahalar da kansa. Har muka isa filin jirgin Jidda hannuna na kan jakar magungunansa.

Ƙauyen tsohon dogo

Bayan mun sauka Koriya mun huta gajiya, Rahama ta sa mu a bas, tafiyar awa biyu zuwa wani ƙauye a gindin duwatsu. Jirgin ƙasa ya daina bi ta nan, sai suka ɗora wasu kekuna masu kujera huɗu a kan dogon, mutane na tuƙawa da ƙafa.

"Abu Rahama, zauna kawai, mu za mu tuƙa," na ce.

"Halas, shi ke nan kin mai da ni kaya? Yalla, mu je!"

Muka bi gefen kogi, gonakin shinkafa kore shar a dama. Ni ban ga komai ba, numfashinsa kawai nake saurare.

Sai dogon ya shige cikin dutse. Duhu da sanyi suka rufe mu, keken ya yi nauyi. Abu Rahama ya daina tuƙi.

"Abu Rahama?"

Babu hanyar juyawa, ga wasu kekunan a bayanmu.

"Ummi, taka da ƙarfi!" Rahama ta ce.

Na taka har gwiwoyina suka ɗau zafi, ina salati, ina lalubar hannunsa. Da muka fito haske sai na gan shi zaune daram, hawaye sun jiƙa masa gemu.

"Ƙirjin ne?"

"A'a. Duhun nan na gani ranar da likitoci suka kwantar da ni za su yi mini aikin. Ban zaci zan fito ba." Ya share fuska. "Ku ɗaga ƙafa, sauran nawa ne."

Muka ɗaga. Shi ya kai mu tasha, a hankali.

Gida

Mun sauka Jidda da la'asar, muka shiga Makka gab da magariba. Ko jaka ba mu buɗe ba aka kira salla, ya zura takalmi zai tafi masallaci shi kaɗai. Na buɗe baki zan ce ya jira maƙwabci ya raka shi, sai na fasa, na miƙa masa hularsa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu, ya dawo da mu tare.