Tsohuwar da Salmanu Ya Ƙi Yankewa

Shekara goma sha ɗaya Salmanu ya yi yana fassarar fim a Kano kafin sana'ar ta gaji da shi. Shi ne muryar jarumi, shi ne ta ɓarawo, kuma bai taɓa barin fim ya yi shiru ba. Ko gawa aka nuno sai ya sa mata magana. Yanzu kwali yake ɗaurewa a wani sito a Jebel Ali, can ƙasar Larabawa, gwiwoyi sun fara ƙara. Amma hali zanen dutse: duk Lahadi bayan la'asar 'yan ɗakinsu na unguwar Al Muraqqabat sukan taru gaban talabijin yana fassara musu. Wannan taron kaɗai ya rage masa a duniya, kuma ya sani.

Wata rana ya samo fim mai kashi biyu: Yahudawan Turai ana cusa su a jirgin ƙasa lokacin yaƙin duniya na biyu, sannan Falasɗinawa suna barin ƙauyukansu a ƙafa. Mubashir, mai talabijin ɗin, ya ce, "Malam, yanke na farkon nan, khalas, shi ke nan. Namu muke son gani. In ba haka ba, ƙwallo za mu kalla."

Yanka ba baƙon Salmanu ba ne. Waƙoƙi nawa ya zubar daga finafinai a Kano? Ya tsinto wuraren kukan Falasɗinawan ya haɗa a wayarsa, ya kai wa Bashar, Bafalasɗinen da ke tuƙa motar ɗaga kaya a sitonsu, ya duba masa.

Bashar ya tsayar da hoton kan wata tsohuwa rungume da tukunya. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba tamu ba ce, habibi. Dubi tauraron Yahudawa da ke rigarta. Daga kashin farko ka ɗauko ta."

Kunya ta rufe Salmanu. "Bari in cire ta."

"Bar ta. Ni ma na zaci kakata ce, haka ta riƙe tukunyarta." Ya miƙa masa wayar. "Na gaji, Salmanu. Kowa sai ya yanke wani kafin ya yi kuka."

Ranar Lahadi Salmanu ya sa fim ɗin cikakke. Jirgin ƙasan bai tashi ba Mubashir ya mayar da ƙwallo. Salmanu ya hau gadonsa na sama da wayarsa, ya ci gaba da fassara ƙasa-ƙasa, ba mai saurare. Da aka zo kan tsohuwar ya buɗe baki zai sa mata magana, sai ya rufe, ya bar ta da shirunta.